Aiki, Gem da Littafi: Nazarin Lamarin Wani Ma'aikacin Kwamfuta a Samaru

Lamarin da zan warware a nan na ɗan yayata ne, matashi mai shekara 29. Ba zan ambaci sunansa ba. A wurin aiki Injiniya suke kiransa, ni ma da shi zan tafi. Ya karanta ilimin kwamfuta a Jami'ar Ahmadu Bello, yana haya a Hayin Dogo cikin Samaru, a Zariya, tare da matarsa da 'yarsu da ba ta daɗe da fara tafiya ba. Shi ke kula da kwamfutoci da intanet na wata makarantar kuɗi a wajajen Tudun Wada, mai ɗakin jarrabawa inda ɗalibai ke gwaji kafin JAMB, tunda daga 2015 hukumar ta koma kwamfuta gaba ɗaya. Ban da makarantar yana da 'yan kwastomomi na gefe: wani kemis, wani shagon buga takardu a unguwar PZ, da wani ofishi a Sabon Gari. Sana'armu ɗaya, a shagona ya fara koyon kwance kwamfuta tun yana sakandare, shi ya sa da abu ya dagule ni aka nema.

Uwarsa ce ta kira ni. "Ka zo ka yi wa ɗanka magana," in ji ta, "gem zai kashe masa aure." Matarsa ta kai ƙara gidan iyayensa a cikin birni. Miji ba ya kwanciya sai biyu ko uku na dare, kunne a toshe, yana ta ɗaga murya da waɗansu mutane da ba ta taɓa gani ba. Sallar Asuba sai rana ta fito. In ta yi masa magana sai ya ɗaga mata hannu, wato ta jira. Dangi sun riga sun yanke hukunci: mai laifi ɗaya ne, wayar nan da abin da ke cikinta. Da na zauna da shi sai na ga ba a nan kaɗai gizo ke saƙa ba.

Ga yadda yininsa yake a lokacin. Ya fito Samaru da safe, ya bi ta Kwangila, ya isa Tudun Wada wajen takwas in bai makara ba. A takarda ƙarfe huɗu ake tashi. Amma mai aikin kwamfuta a garin nan ba shi da lokacin tashi, lambarsa ta zama kamar rijiyar unguwa, kowa ya zo da gugarsa lokacin da ya ga dama. Firinta ta cije takarda, a kira Injiniya. Malami ya manta kalmar sirri, a kira Injiniya. Intanet ya tsaya a kemis da tara na dare, shi ɗin dai. Mai makarantar kan tuna da wani abu bayan Isha'i, ya turo saƙon murya ta WhatsApp, in ba a amsa ba ya bugo. Yaron kuwa mai kunya ne, bai iya ce wa wanda ya girme shi "sai gobe" ba, ga tsoron kada a ba wani aikin. Sau da yawa sai ya sake hawa mota bayan Magariba don abin da kashe na'ura da kunna ta zai gyara.

Sai batun wuta. A layinsu, a waɗancan watanni, da tsakar dare aka fi kawo ta. Tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu 2023 ya daina tayar da ɗan janaretonsa sai ta kama dole. Don haka duk abin da ke neman wuta ya taru a awanni ɗaya: cajin laftof, cajin wayoyi, gugar kaya, sauke manhajojin da zai ɗora wa kwamfutocin makaranta washegari. Da daren ne kuma sabis ya fi kyau, datar dare ta fi araha. Mutum ya tashi sha biyu don ya jona caji, waya na hannunsa, abokai na kan layi suna kiransa, da wuya ya koma ya kwanta.

Wasanni biyu yake bugawa. Akwai eFootball, ƙwallon kamfanin Konami da aka sani da PES kafin a canza masa suna a 2021, sai Call of Duty Mobile, wasan harbi da ya fito a watan Oktoban 2019. Na biyun shi ke cin dare, kuma yana da kyau iyaye da mata su san yadda aka gina shi, domin yawancin faɗan da ake yi a gidaje a kan rashin sanin nan ake yin sa. Wasa ne da ba a dakatarwa. Mutane ne na gaske a ɗaya gefen, wani a Kano, wani a Legas, wani a wata ƙasa. In ka fice ana tsakiyar karawa a matakin gasa, za a rage maka maki, 'yan tawagarka kuma su sha kashi saboda kai. Hannun nan da yake ɗaga wa matarsa abin da yake nufi ke nan. Ita kuwa abin da take gani shi ne an fifita baƙi a kanta, kuma ba ta ga ba daidai ba. Bayan wannan akwai kyautar shiga ta kullum, da ayyukan da ke ƙarewa cikin awa 24, da zango-zango da ake sabuntawa, inda ake sauko da kai daga matsayin da ka sha wuya ka hau, ka sake hawa. Wasan kyauta ne, ribar masu shi tana fitowa daga wanda ya daɗe a ciki har ya sayi kaya. Saboda haka ba a yi masa ƙarshe ba. Ƙwallo aƙalla alƙali na hura tashi. Wannan kuwa kana gamawa maɓallin sake shiga yana gabanka.

Abu na uku ba wanda ya ambace shi a cikin ƙarar, domin ya riga ya ɓace daga gidan: karatu. Injiniya mayen littafi ne tun yana yaro. Ya fara da na babansa, ya wuce littattafan yaƙi da ake bugowa daga Kano, masu jarumai da bokaye da aljanu, da ya shiga jami'a ya faɗa na Turanci. A lokacin yana cikin The Wheel of Time na Robert Jordan, labari mai littafi 14 da aka fara fitarwa a 1990. Marubucin ya rasu a 2007 bai gama ba, Brandon Sanderson ya ƙarasa shi a 2013. Injiniya ya maƙale a na shida, wata da watanni bai motsa ba. A waya yake karantawa, wayar da ke ɗauke da gem ɗin da kuma WhatsApp ɗin aiki. Kafin ya kai ƙasan shafi saƙo ya shigo. Ya ce min, "Kawu, wallahi sai in karanta shafi guda in sake karantawa, ban san me ya ce ba." Maganar nan ta fi tayar min da hankali a kan batun gem. Natsuwar da mutum ke bin labari mai ɗaruruwan mutane da ita, ita ce yake bin waya ɗaya bayan ɗaya da ita har ya gano inda netwok ya yanke. In ta tafi a karatu, ta tafi a aiki.

Hakan kuwa aka yi. Cikin hunturu ƙura ta toshe fankar babbar kwamfutar makarantar, wadda ke riƙe da makin ɗalibai da lissafin kuɗin makaranta. Ta yi ta ɗaukar zafi har faifan ajiyarta ya mutu, ana saura kwanaki a raba sakamako. Mutuwar faifai ba laifin kowa ba ne, don ita ake yin kwafi. Shi da kansa ya tsara cewa kowane dare kwamfutar ta kwashe bayanan zuwa wani faifai na waje. Da ya buɗe wancan sai ya tarar ya cika tun wajen wata biyu, kwafin ya tsaya, gargaɗin kuma yana nan a rubuce kullum ba wanda ya duba. Dubawar aikin minti biyu ne. Sai da malamai suka zauna suna sake shigar da maki daga takardu har dare. Ba a kore shi ba, amma an yi masa faɗa a gaban 'yan ofis, an kuma taɓa albashinsa.

Maganin farko daga gida ya fito. Babansa, tsohon malamin firamare, ya zaunar da shi a zaure ya ce taura biyu ba ta taunuwa, balle uku, ya goge wasannin nan a gabansa. Ya goge. Abin bai kai mako biyu ba. Kiran dare bai ragu ba, wutar ba ta canza lokaci ba, sai ya zama yana kwance yana jan TikTok da Facebook har lokacin da ya saba kwanciya. Daga baya ya mayar da gem ɗin a ɓoye. Yanzu an ƙara ɓoye-ɓoye a kan rashin barci, wanda a ganina ya fi na da muni. Ban ga laifin Malam ba, abin da idonsa ya gani shi ya kama. Sai dai an cire wa yaron abu ɗaya tilo da yake jin nasa ne a cikin yini, aka bar masa duk abin da ya kora shi can.

A nan wani surukinsa da ke aikin asibiti ya kawo maganar ciwo. Maganar tana da tushe. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa larurar wasan gem cikin kundin cututtukanta na 11, wanda aka amince da shi a watan Mayun 2019 ya fara aiki a Janairun 2022. Alamomin da ta ba da uku ne: mutum ya kasa sarrafa lokacin da yake wasa, wasan ya hau kan sauran al'amuransa, kuma ya ci gaba ko da ya ga ɓarnar, har abin ya yi wa rayuwarsa illa sosai, yawanci na tsawon wata 12. Hukumar da kanta ta ce kaɗan ne daga cikin masu wasa abin ke kaiwa haka. Ni ba likita ba ne, amma akwai abin da na lura da shi: duk lokacin da ake gwajin jarrabawa a makarantar, Injiniya kan yi kwanaki bai taɓa gem ba, ba ya ko cigiyarsa. Muka yi yarjejeniya da uwarsa cewa za mu gwada gyaran tsari, in bai yi ba mu kai shi ganin likita a asibitin koyarwa na Shika, ba tare da jin kunyar kowa ba.

Kafin mu gyara komai na ce mu fara aunawa, yadda za mu yi wa kwamfutar da ke nauyi. Wayoyin Android suna da wani sashe, Digital Wellbeing, da ke nuna awannin da aka ci a kowace manhaja da yawan saƙonnin da suka shigo. Muka bar shi mako biyu, shi kuma yana rubuta kowane kiran aiki da ya zo bayan tashi a wani ƙaramin littafi. Sakamakon ya ba shi mamaki. Gem yana cin wajen awa uku a dare, gaskiya ne. Amma WhatsApp da kira sun fi haka, mafi yawansu kuma na aiki ne bayan huɗu na yamma. Darare mafiya tsawo a gem su ne waɗanda aka fi damunsa da yamma. Ranar da aka bar shi ya huta, da wuri yake kwanciya. Barcinsa bai wuce awa huɗu zuwa biyar ba, alhali masana sun ce baligi na buƙatar aƙalla bakwai. Abin da na karanta a ciki shi ne, yaron yana ramawa ne: an cinye masa yini da yamma, sai ya yanki dare ya ce wannan nawa ne. Wanda aka fi cuta a ramuwar shi ne shi kansa, sai matarsa.

Don haka da aiki muka fara, nan ne kuma aka fi shan wuya. Ya sayi ƙaramar waya mai maɓalli ya mayar da layin aiki cikinta. Na raka shi wurin mai makarantar, domin maganar da yaro ba zai iya faɗa ba babba zai iya. Na ce, "Alhaji, abin da ya faru da kwamfutarka gajiya ce ta jawo shi. In kana son ya duba abin da ya kamata da safe, a bar shi ya yi barci da dare." Alhajin ya turje da farko, yana ganin ai don hakan yake biyan albashi. Muka ɗauko ɗan littafin nan muka bi kiran ɗaya-ɗaya, aka ga kusan duk abubuwa ne da za su iya kwana. Aka tsaya a kan cewa bayan Magariba ba a kira sai in intanet ya ɗauke ana gobe jarrabawa, ko wani abu ya kama da wuta. Injiniya ya ware asabar guda ya koya wa sakatariya da malamin kwamfuta yadda ake kashe rauta, wato na'urar raba intanet, a kunna, yadda ake zare takardar da ta maƙale, yadda ake sabunta kalmar sirri, ya rubuta matakan da Hausa ya manna a bango. Kwamfutocin kemis da na ofishin Sabon Gari ya sa musu manhajar AnyDesk, yana gyara ƙananan matsaloli daga inda yake ba sai ya hau mota ba.

Kwafin bayanai kuwa ya sake shi daga tushe, bisa ƙa'idar da muka daɗe da sani a sana'ar: kwafi uku, a kan ma'aji iri biyu, ɗaya a wajen ginin. Yanzu in kwafin dare bai yi ba, saƙo ke shigo masa ta imel. Kowace Juma'a kafin a tafi masallaci yana dubawa da idonsa ya sa hannu a rajista, kowane zango kuma ya gwada dawo da bayanan a wata kwamfuta, domin kwafin da ba a taɓa gwadawa ba bai zama abin dogaro ba. Da hunturu yana buɗe kwamfutocin ya hure ƙura.

Gem bai goge ba. Ya bar matakin gasa na kullum, ya tsayar da dare biyu a mako, da sanin matarsa, ƙarfe sha ɗaya a rufe. Ƙwallo kuwa ya mayar da shi ranar asabar da yamma a wani gidan gem a Samaru, shi da abokansa ido da ido, inda kiran Magariba ke tashin kowa. Caji ya daina tashi dominsa: kafin ya kwanta ya jona komai a falo, ya bar soket a kunne, waya mai gem ba ta shiga ɗaki.

Sai da muka zo kan littafi na sake haɗuwa da Malam. Shi a wurinsa littattafan nan na dodanni da matsafa da gem duk tafiyarsu ɗaya, shiririta ce. Na ce masa, "Malam, ai a garin nan aka haifi irin wannan karatu da Hausar boko." A Zariya ne Rupert East na hukumar talifi ya shirya gasar rubuta littattafan labari ta 1933 da ta fito da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, labarin mutumin da ya keta ƙasashe har cikin aljanu yana neman ruwan magani. A nan Imam ya zauna ya rubuta Magana Jari Ce, a nan aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939, a nan aka kafa kamfanin Gaskiya a 1945. A 1969 ma aka fitar da Tauraruwa Mai Wutsiya na Umaru Dembo, mai tafiya sararin samaniya. Malam ya koyar da waɗansu daga cikinsu da hannunsa a aji. Ya yi shiru, sannan ya ce to amma waɗancan ana rufe su a ajiye. Wannan kuwa ita ce maganar, kuma shi ya faɗe ta ba ni ba. Littafi yana jiranka a inda ka tsaya. Ba ya rage maka maki don ka tashi ka amsa sallama.

Shawarar da ta fito daga nan ita ce karatu ya bar waya ya koma takarda. Injiniya ya samo na shida da na bakwai a wurin masu sayar da tsofaffin littattafai, yana karantawa a mota tsakanin Samaru da Tudun Wada, da kuma bayan Isha'i da fitila mai caji. Makonnin farko shafi kaɗan yake iyawa kafin hannunsa ya fara laluben waya. A hankali ya miƙe. Wani abin da ba mu yi tsammani ba, ashe matarsa ma mai karatu ce, tana bin littattafan Hausa da ake turowa kashi-kashi ta WhatsApp. Ba labari ta ƙi ba, ba wasa ta ƙi ba. Abin da ta ce wa uwarsa shi ne, "Mama, ni dai in na yi magana a juyo a dube ni." Yanzu yakan ba ta labarin inda ya tsaya da Hausa, ita ma ta ba shi nata.

Gyaran bai zo kyauta ba. Matsayinsa a gem ya faɗi, tawagarsa ta sa wani a gurbinsa, ɗaya daga cikinsu da suka shekara suna wasa tare ya daina kula shi, kuma abin ya yi masa ciwo fiye da yadda dattawa za su zata, domin abota ce ta gaske. Mai shagon PZ ya ce shi ba zai iya da injiniyan da ke kashe waya ba, ya nemi wani, kuɗin nan ya fita daga lissafin wata a daidai lokacin da data ta ƙara tsada bayan hukumar sadarwa ta amince da ƙarin kashi 50 cikin 100 a Janairun 2025. Ya kuma zame a hutun Sallah, da aka buɗe sabon zango a wasan, ya yi darare yana kaiwa biyu. Bambancin shi ne wannan karon shi ya faɗa da bakinsa, bai jira an kama shi ba, matarsa ta riƙe wayar na 'yan kwanaki bisa roƙonsa. Asuba dai yanzu a masallacin layinsu yake yin ta mafi yawan ranaku, ya kuma shiga littafi na takwas.

Abin da bai warware ba shi ne lokacin JAMB. Daga fara rajista zuwa gama jarrabawa, makarantar na buƙatarsa tun kafin fitowar rana har bayan Isha'i, yarjejeniyar Magariba ba za ta yi aiki a makonnin nan ba. Injiniya ya nemi ɗaya daga cikin biyu: a ɗauko masa mataimaki na wucin gadi daga ɗaliban da ke neman wurin koyon aiki, ko a biya shi kuɗin ƙarin lokaci a kuma ba shi hutun mako guda bayan an gama. Alhaji ya ce zai duba. Mun sa ranar komawa wurinsa kafin a buɗe rajista, Injiniya kuma ya ce wannan karon shi zai yi maganar da kansa, ni in zauna a gefe.